Shatin Zanin Mak Sarinten

Darmaji ya ari jitata, ya kai wa wani kamfani a Jakarta, suka ƙera irinta guda ɗari, suka sa sunansa a kai.

Sunana Kasmuri, ana ce mini Cak Muri, wato Yaya Muri. A Surabaya aka haife ni, a nan kuma zan mutu. Aji uku na yi a makaranta na fita ɗaukar buhu a tashar jiragen ruwa. Fiye da shekara hamsin ina kaɗa jita a bayan Darmaji. Shi ke waƙa. Shi ke tsayawa a gaba, shi ake nunawa a talabijin, shi mata ke jefa wa furanni. Ni ina can gefen mai ganga, kaina a sunkuye. Ban taɓa jin haushin haka ba. Kowa da inda Allah ya tsayar da shi.

Jitar fara ce, ta lantarki, ƙirar Amurka. Wani baƙo ma'aikacin jirgin ruwa ne ya bar ta a gidanmu. Zazzaɓi ya kwantar da shi, jirginsa ya tafi ya bar shi, mahaifiyata ta yi jinyarsa har ya miƙe. Ba shi da abin da zai ba ta. Ya jingine jitar a bakin ƙofa ya kama hanya.

A shekarun nan gwamnati ta hana kiɗan Turawa. Ana tare samari a kan titi a aske musu kai, a yanke musu matsattsen wando da almakashi, a farfasa kayan kiɗa. Ranar da aka ce masu kame sun shigo unguwarmu, mahaifiyata, Mak Sarinten, ta kwance zanin batik ɗin da ke jikinta, irin mai zanen rini, ta ɗaura tsumman girki. Ta naɗe jitar da zanin ta tura ta ƙasan akwatin shinkafa. Ta zauna a kan akwatin tana tsince wake. Suka shigo suka birkice ɗakin. Ɗayansu ya tsaya a kanta ya ce ta tashi. Ta ce ƙafarta na ciwo, in yana so ya ɗaga ta da hannunsa, amma ya tuna ta kai ta haife shi. Ya dube ta, ya fita.

Jitar ta daɗe a cikin shinkafa. Ba mu fito da ita ba sai da aka daina kamen. Zafi ya tausasa fentin bayanta, rinin zanin ya shige ciki. Har yau in ka juya ta za ka ga shatin ganyaye da fikafikan tsuntsu, ruwan ƙasa-ƙasa, da wani layi a karkace inda Mak ta ɗinke yagewar zanin da hannunta. Zanin ya daɗe da ruɓewa. Hoton Mak ba mu da shi, ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ba. Shatin nan shi kaɗai ya rage mini. In ina kiɗa a cikina yake kwanciya, 'yan kallo ba sa ganinsa. Na kusa ne kawai suka sani.

Bara Darmaji ya zo gidana da rana, a mota, da ledar mangwaro a hannu.

"Cak Muri! Kana nan kamar tsohuwar ƙofa, ba ka karyewa ba ka gyaruwa."

"Me ka zo nema?"

"Haba Cak. Sai da nema ake zuwa gidan ɗan'uwa?"

"Kai dai haka kake zuwa."

Ya yi dariya ya zauna. Ya ce wasu mutane a Jakarta suna tattara tarihin makaɗan garinmu, suna son ɗaukar hoton tsoffin kayanmu. Hoto kawai. Ya ce shi tasa jitar ya daɗe da sayarwa, tawa ce kaɗai ta saura daga wancan zamani.

Jitar ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tare da ni ba. Amma ranar da Mak ta rasu, Darmaji ne ya ɗauki gaban makara. Shi ya shiga kabari tare da ni muka kwantar da ita. Irin wannan mutumin ba a hana shi aro. Na sa ta a akwatinta na miƙa masa.

Da ya dawo da ita na duba. Kusoshin da ke riƙe wuyanta da jikinta sun daɗe da yin baƙi saboda tsatsa. Yanzu tsagar kansu tana ƙyalli. Na buga masa waya.

"An buɗe ta."

"Goge ta kawai suka yi, Cak. Ka san mutanen Jakarta da son tsafta."

Na kashe wayar. Ban sake maganar ba.

Akwai shagon gyaran jita a lungunmu, na Koh An. Kakanninsa daga Sin suka zo, amma a lungun nan aka haife shi, tare muka yi wasan ƙasa. A bayan shagon akwai benci biyu da tebur. Nan tsoffin makaɗa ke zama da hantsi, ana shan kofi ana busa taba mai kanumfari. Sarkawi mai ganga ba ya fashi. Mutumin tsibirin Madura ne, bakinsa ba shi da birki. Sai Gunadi, wanda ya yi kiɗa a otal-otal na Bali ya dawo da tunanin babu abin da bai sani ba game da jita.

Musu ɗaya suke yi kullum, na sababbin jitocin da ake ƙerawa su yi kama da tsofaffi. Ban cika sa baki ba.

Ran nan na shiga na tarar da baƙo, wani likitan haƙori mai tumbi, ya kawo jita a daidaita masa tsirkiya. Tana kwance a kan tebur. Fara. Fentin ya cinye a gefen sama, daidai inda hannuna ya cinye tawa. A kanta akwai ƙunar taba, daidai inda nake maƙale tawa tabar in ina kiɗa. Na ɗauka ɓarawo ya shiga gidana bayan fitowata. Sai na ga tsirkiyoyin sababbi ne kuma ƙarfen bai gaji ba. Na zauna. Koh An ya ɗago ya gan ni, ya mayar da kansa kan aiki da sauri.

Sarkawi na cewa, "Nawa ka ce, Dokta? Maimaita, kunnena ya tsufa."

"Miliyan arba'in da biyar."

"Rupiya ko tsakuwa? Kuɗin babur biyu fa ke nan! A kan abin da wani ya riga ya kankare maka? Ka sayo sabuwa mai arha ka kawo gidana. Jikokina za su yi mata wannan aikin kafin azahar, kyauta. Har su ƙara maka da tabon miya."

Gunadi ya ce, "Kai mai dukan fata, me ka sani? Ta ainihin fa yanzu kuɗin gida ce. Wa zai iya? Wannan ita ce hanyar da mutum zai taɓa irin abin da na da suka taɓa. Itacen ma a tanda suke gasa shi ya bushe kamar ya shekara sittin. Rufe idonka a kaɗa maka su biyun, wallahi ba za ka bambance ba."

"Ni ko da ido a buɗe duk hayaniya ce."

"Shi ya sa aka ajiye ka a baya."

"A bayan nake ganin wandonku yana rawa in kun yi kuskure."

Gunadi ya ɗauki jitar ya auna ta a tafin hannu, ya kai hancinsa ya shinshina. "Nauyin ya yi. Warin ne bai yi ba, na da warin tsohon akwati suke yi. Wuyan kuma ya ɗan fi kauri, kamar kaurin farce. Koh, ƙarya na yi?"

Koh An bai ɗago ba. Ya ce, "Wuyan daidai yake. Maganaɗisun da ke ɗauko sautin ne ba daidai ba. Na da, mata ne ke naɗa musu waya da hannu. In mace ta gaji sai lissafi ya ɓace mata, ta ƙara ko ta rage. Shi ya sa kowace da muryarta. Wannan inji ne ya naɗa. Inji ba ya gajiya."

"To ka ji," in ji Sarkawi. "Kama da wane ba ta wane. Dokta, an cire maka haƙori ba allura."

Likitan ya ɓata rai. "Ni ba sauti na saya ba. Kiɗa uku na iya, ban ɓoye ba. Tarihi na saya. Wannan kwafin jitar Darmaji ce, guda ɗari kawai aka yi a duniya." Ya juyo wajena, ya kira ni Mbah, yadda ake kiran tsoho. "Mbah, an ce kun yi kiɗa tare. Kai za ka raba gardamar nan. Ta yi kama ko ba ta yi ba?"

Na miƙa hannu. Gunadi ya ba ni. Wuyan ya zauna a tafina kamar ya san ni. Na juya ta.

Ganyayen suna nan. Fikafikan suna nan. Layin da Mak ta ɗinke yana nan a karkace, har inda zaren ya ƙare mata ta ƙulla wani. Ba su bar ko ɗigo ba.

Sarkawi ya leƙo. Tabar ta faɗo daga bakinsa. "La ilaha illallahu. Cak Muri, wannan ai..."

"Wannan shi ne ya sa ta tsada," in ji likitan, murna ta dawo masa. "Ba ku ga bidiyon ba? Tsaya ku gani. Ni sai da na yi hawaye."

Ya ciro waya ya ɗora a kan tebur. Ga Darmaji a kujera, da baƙin tabarau, jitata a cinyarsa. Ya cire tabaran ya share ido. Ya ce ranar da masu kame suka shigo unguwarsu, mahaifiyarsa, Ibu Sumiati, ta kwance zanin da ke jikinta ta naɗe masa jitarsa. Ya ce ta tura ta ƙasan akwatin shinkafa. Ya ce ta zauna a kai tana tsince wake.

Har waken bai bar mini ba.

Sarkawi ya daki tebur. "Ibu Sumiati? Wadda ta bi mu da tsintsiya har bakin masallaci tana cewa kiɗan shaiɗan muke yi? Wadda ta sa ƙaramar jitarsa a murhu ta dafa ruwa da ita? Allah ya jiƙanta, amma da ita ce, da kanta za ta kira masu kamen ta ba su shayi!"

Likitan ya dube shi, ya dube ni. "Ban gane ba."

"Jitar Cak Muri ce. Uwar Cak Muri ce. Zanin Mak Sarinten ne, na ci abinci a gidanta ya fi a ƙirga."

Ni Koh An nake kallo. Ɗazu ya ce wuyan daidai yake. Bai auna ba, bai ko taɓa ba.

Na ce, "Koh. Wa ya kwance wa tawa wuya?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ni ne. Sun aiko mota ta kai ni. Na ce in ba ni ba, yaransu za su tsaga itacen. Don ita na je, Muri."

"Ka san abin da za su yi."

"Na san za su kwafa. Darmaji ya ce ka yarda. Ban san zai canza uwa ba."

"Ka tambaye ni?"

Ya ɗauki tsumma yana goge hannu.

"Kullum ina zuwa nan ina shan kofinka."

Gunadi ya sake ɗaukar jitar, ya kai ta wajen haske yana bin ɗinkin da yatsa. "Amma tsakani da Allah, Cak, aikin ya yi kyau. Ban taɓa ganin an kwafi abu haka ba. Dubi nan. Wannan wurin kaɗai ya ci rabin kuɗin."

Likitan ya share zufa. "To yanzu in labarin ba gaskiya ba ne, kuɗinta zai faɗi ke nan?"

"Faɗi? Tashi zai yi," in ji Gunadi. "In rigima ta fito kowa zai nema. Ka riƙe ta da kyau."

Na tashi na bar musu kofin a kan tebur.

Na buga wa Darmaji waya bai ɗauka ba. Na hau motar haya na je unguwarsu mai katanga. Maigadi ya ce ya tafi Jakarta. Motarsa tana ciki, ina ganinta ta ƙasan ƙofa. Na juya. Ba na buga ƙofa sau biyu.

Azumi ya kama. Wata rana bayan la'asar sai ga shi da kansa, direbansa na biye da dogon akwati. Ya rame. Bai kawo mangwaro ba, bai yi barkwanci ba. Ya sa aka ajiye akwatin a gabana, direban ya koma mota.

"Lamba ɗaya ce, Cak. Ta farko da suka ƙera. Na ce ba wanda zai taɓa ta sai kai."

"Ina da tawa."

"Na sani."

"Me zan yi da hoton abin da ke ƙarƙashin gadona?"

Ya zauna a ƙasa, abin da bai yi ba tun muna samari. "Ka saurare ni. Ka san matata, sau biyu a mako ake mata wankin ƙoda. Muryata ta tafi, ba mai kirana biki. Mutanen kamfanin nan suka zo. Wallahi na faɗa musu taka ce. Wani yaro mai ɗan kunne ya ce, wane ne Kasmuri? Ya ce ba wanda zai fitar da kuɗin babur biyu a kan sunan da bai taɓa ji ba."

"Ka ce masa me?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce mai kaɗa mini jita ne."

"Sunan nawa ka ɗauka, ban damu ba. Dama can kai ke gaba. Ƙunar tabar ka ɗauka. Zufata ka ɗauka. Uwata fa?"

"Sun ga bayan jitar suka ce sai da labari. Na fara ba su labarin yadda yake. Suka ce a'a, jitarka ce, uwarka ce. Kyamara na kaina, Cak. Bakina ne ya tafi." Ya ɗago. "Kuma Mak ai uwata ce ni ma. Ita ta ciyar da ni lokacin da aka kore ni daga gida. Kukan da na yi a bidiyon nan ba na ƙarya ba ne. Ita nake tunawa."

"Ita kake tunawa ka kira sunan wata."

Na ji ƙamshin suyar maƙwabta ya fara tashi, ana shirin buɗa baki.

Na ce, "Ba kuɗi nake so ba. Ka koma gaban kyamarar ka ce Mak Sarinten. Shi ke nan."

"Na sa hannu a yarjejeniya. In na warware za su kai ni kotu. Gidan zai tafi, jinyar za ta tsaya."

"To ka faɗa a gaban mutanenmu. Taron bayan Sallah. Mu kaɗai, tsofaffi."

"Akwai waya a aljihun kowa, Cak."

"Ka faɗa a hankali."

Ya daɗe yana murza hularsa. "Zan duba."

Ya tashi ya tafi ya bar akwatin. Na ja shi na fitar ƙofar gida na rufe. Can na ji motar ta dawo, aka ɗauka.

Duk shekara bayan ƙaramar Sallah tsoffin makaɗan gari muna taron yafe wa juna, kamar yadda kowace unguwa da kowace ma'aikata ke yi. A ci dunƙulen shinkafa da miyar kaza mai madarar kwakwa, malami ya yi gajeren wa'azi, sannan a yi layi. Manya su tsaya a jikin bango, sauran su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ka kama hannun mutum da hannu biyu, ka sunkuya, ka ce a yafe mini, na fili da na ɓoye. Shi kuma ya ce mun yafi juna. Ba a tambayar mene ne laifin. Ba a faɗa. Tun ina yaro ban taɓa jin wanda ya ƙi amsawa ba. Al'ada ce mai kyau, na sha yin kuka a cikinta. Amma ƙofa ce da ba mai gadi, mai ɗauke da tsinke ya wuce, mai ɗauke da dutse ma ya wuce.

Da can a farfajiyar gidan wani muke yi, kowa ya kawo abin da ya samu. Bana sai aka ce a ɗakin taron otal. Da na shiga na gane dalili. Kamfanin ne ya biya. A jikin bango ga ƙaton hoton Darmaji, ya juya bayan jitar yana nuna wa duniya.

Sarkawi ya zo ya zauna kusa da ni da faranti cike. "Cak, ka ci mana. Kuɗin zanin Mak ne, kai ka fi kowa haƙƙi."

"Na ƙoshi."

"Ni dai zan ci nawa da naka. In haram ne a rubuta wa Darmaji." Ya cika baki, ya rage murya. "Zai faɗa kuwa?"

"Ya ce zai duba."

"Tun muna samari in ya ce zai duba, to an gama."

Gunadi ya leƙo ta ɗaya gefen. "Cak Muri, ka bar maganar nan ta wuce. Mu duk mun san gaskiya. Me ya rage? Kuma ka duba, jitarka ta shiga duniya. An ce har Japan an sayi uku. Wa ya taɓa samun haka a cikinmu?"

"Matsa, Gunadi. Kana tare mini iska."

Malami ya yi wa'azinsa a kan haƙuri. Da ya gama aka miƙa wa Darmaji abin magana. Ya sa farar riga da baƙar hula. Ya gode wa Allah. Ya gode wa kamfani. Ya ambaci waɗanda suka rasu a cikinmu, aka yi musu addu'a. Sai ya juyo inda nake. Na gyara zama.

"Akwai mutum ɗaya da ban taɓa gode masa yadda ya kamata ba," in ji shi. "Yayana, Cak Muri. Duk wanda ya ga jitar nan yau, to ya gode wa Cak Muri. Shi ya kula mini da ita duk shekarun nan, bai bari ko ƙura ta hau ta ba."

Aka tafa. Ni ake tafa wa. Mutanen kamfanin suka tafa, matasan da aka gayyato suka tafa suna ɗaga waya. Na duba teburin tsofaffi. Waɗanda suka ci shinkafar Mak, waɗanda suka ga jitar a hannuna tun ba su da gemu, suna tafawa a hankali, idonsu a faranti. Sarkawi kaɗai ya naɗe hannu.

Ashe ajiya aka ba ni. Shekara sittin ina gadin kayan wani ban sani ba.

Aka ce a yi layi. Ni na girmi kusan kowa, aka tsayar da ni kusa da malam. Mutane suka fara wucewa. Na fili da na ɓoye. Mun yafi juna. Na fili da na ɓoye. Mun yafi juna. Hannuna yana tafiya shi kaɗai.

Koh An ba Musulmi ba ne amma bai taɓa fashin taron ba. Da ya iso ya kama hannuna bai faɗi abin da ake faɗa ba. Ya ce, "Muri, na kwance wuyan jitarka ban tambaye ka ba. Na zauna da kai wata da watanni na yi shiru. Ka yafe mini."

"Na yafe, Koh."

Ya matse hannuna ya wuce, yana share hanci da hannun riga.

Darmaji ya bari sai kusan ƙarshe. Na gan shi yana tahowa, wayoyi na biye da shi. Da ya iso ya sunkuya ƙasa sosai, ya kama hannuna da hannu biyu ya kai goshinsa. Goshin ya jiƙe.

"Cak Muri, a yafe mini, na fili da na ɓoye."

"Wanne?"

Ya ɗago kaɗan. Na kusa da mu suka juyo.

"Cak..."

"Faɗi laifin. Ko sunanta kawai. A kunnena ma ya isa, in malam ya ji."

Ya dubi wayoyin. Ya dubi mutanen kamfanin da ke tsaye a bakin ƙofa. Leɓensa ya motsa, na sa kunne. Ya sake kai goshinsa kan hannuna.

"Na fili da na ɓoye, Cak. Don Allah."

Malam ya taɓa kafaɗata. "Mbah, yau ranar yafiya ce. Ba a tonawa. Ka amsa masa layi ya wuce."

Na zare hannuna daga nasa. Na ɗaga murya yadda na can baya za su ji.

"Ban yafe ba."